Bindiga, Ganuwa da Rumbu: Tanadin Ranar Tsanani a Arewacin Ƙasar Kano da Kazaure, 1819 zuwa 1914

Gabatarwa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace al'umma da ta daɗe a wuri ɗaya tana da hanyoyin da ta gada na tanadin ranar tsanani, watau ranar da yaƙi ko yunwa ko annoba za su auko, hukuma ta gaza, kowa ya koma ga abin da ya ajiye. A shekarun nan da ta'asar 'yan fashin daji ta addabi ƙasashen Zamfara da Katsina da Sakkwato, maganar tanadi ta koma kusan maganar bindiga kaɗai. A ƙarshen shekarar 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a da su nemi makami su kare kansu, a cikin watan Yuni na 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ba da sanarwa irin wannan. Tun daga nan muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kan ko mallakar bindiga da iya harbi su ne maganin talaka in al'amura suka rushe.

Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi tarihin wani yanki da ya daɗe yana fama da wannan tambaya tun kafin zuwan Turawa. Yankin shi ne wanda ya ƙunshi Kanya Babba da Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa ta yau. Cikin ƙarni na 19 mutanen wannan yanki sun zauna a bakin iyaka, ga Daular Usmaniyya a kudu, ga Damagaram a arewa, ita kuwa Damagaram tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan bindigogi a wannan sashe na ƙasar Sudan. Za a duba yadda bindiga ta shigo, da irin gwanintar da take bukata, da kuma abin da ya tserar da talaka a duk lokacin da zaman lafiya ya gushe.

Shigowar Bindiga da Kalmominta

Harshe da kansa yana ba da shaidar hanyar da bindiga ta biyo. Kalmar bindiga ta samo asali ne daga Larabci, haka nan albarushi da harsashi, wanda asalin ma'anarsa a Larabci ita ce dalma. Wannan ya nuna cewa ta hanyar Sahara da Barno Hausawa suka fara sanin wannan makami, kafin daga baya ya riƙa zuwa ta kudu, ta hannun Nufawa da Yarbawa masu ciniki da Turawan bakin teku. Amma sauran kalmomin da suka shafi aiki da ita na gida ne. An kira dutsen da ke ba da wuta ƙanƙara, an kira abin da ake ja ya faɗa masa kunama saboda kamanninsa da wutsiyar kunama, an kuma kira zuba albarushi da harsashi ta baki ɗuri, kamar yadda ake wa jariri ko doki. Sunan da aka laƙaba wa bindigar gargajiya, watau harba-ka-ruga, shi ma bayani ne cikakke a kan halinta, domin mai ita in ya harba sau ɗaya sai ya ja da baya ya nemi inda zai sake ɗurawa.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, a cikin kayan sarautar Dagaci wanda ya zo daga Barno, ko da yake masana da dama na ganin wannan lokaci ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi tabbata shi ne labarin Mai Idris Aloma na Barno a ƙarshen ƙarni na 16, wanda limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta cewa yana da 'yan bindiga Turkawa da kuma bayin gida da aka koya wa harbi. A wannan zamani ne, cikin 1591, rundunar Maroko ta karya daular Sanwai a Tondibi da ƙarfin bindiga. A Kano kuwa, littafin ya nuna cewa a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) aka riƙa sayo bindigogi, sa'an nan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ya zama sarki na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa.

Abin lura a nan shi ne, tun farkonta bindiga kayan fada ce, a hannun bayin sarki take. Ba ta kuma zama ita ce ke yanke hukuncin yaƙi ba har aka yi jihadi. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, da baka da kibiya jama'ar Shehu Usmanu suka rinjayi dawakin Gobir. Bayan shekara 22, watau cikin 1826, Baturen nan Clapperton ya halarci harin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa a Konya. Ya ƙiyasta mayaƙan da dubun dubata, amma bindigogin da ya ƙidaya ba su kai 50 ba.

Zaman Bakin Iyaka

Masarautar Kazaure haifaffiyar rikici ce. Ɗan Tunku, Bafulatanin da ya goyi bayan masu jihadi a kan Sarkin Kano Alwali, ya ƙi yi wa Ibrahim Dabo mubaya'a sa'ad da Dabo ya hau gadon Kano cikin 1819. An shekara ana gwabzawa a arewacin Kano, har aka fitar da shi daga Dambatta, ya koma cikin duwatsun Kazaure ya kafu. Daga bisani Sarkin Musulmi Bello ya sulhunta su, aka bar Kazaure ta tsaya da kanta. Ɗan Tunku ya rasu cikin 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Babura da garuruwan da ke kewaye da ita, har da Kanya Babba, sun ci gaba da zama a ƙarƙashin Kano, ta wajen Sarkin Bai mai Dambatta. Sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991 ne Babura ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim.

Haɗarin da ya fi girma ga yankin daga arewa yake. Sarakunan Haɓe na Daura da masu jihadi suka kora ba su yi nisa ba, zuriyarsu ta zauna a Zango da Baure, Baure kuwa maƙwabciyar Babura ce. Bayansu akwai Damagaram, wadda a farko take bin Barno. Sarkin da ya ɗaukaka ta shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu cikin 1884 bayan ya yi fiye da shekara 30 yana sarauta. Tanimu ya kewaye birnin Damagaram, wanda Turawa suka fi sani da Zinder, da ganuwa. Ya jawo fataken Arewacin Afirka da na Abzin suka mai da birninsa zango, ta hannunsu yake samun bindigogi da farar wuta. Ya tara maƙera da masu aikin tagulla suna gyaran bindiga, suna haɗa albarushi, har suna zuba igwa a cikin birnin. Masu tarihi sun ruwaito cewa a ƙarshen zamaninsa yana da bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi, babu wani sarki a Daular Usmaniyya ta arewa da ya kama ƙafarsa.

Mutanen Kazaure sun ɗanɗani wannan ƙarfi tun da wuri, domin a hannun Damagarawa Sarki Dambo ya rasu cikin 1857. Ɗansa Muhammadu Zangi ya gaje shi, daga baya cikin 1886 Muhammadu Mayaƙi ya hau. Duk tsawon wannan lokaci, da zarar an gama kaka, ƙasa ta bushe, hanya ta buɗe wa dawaki, mutanen karkara kan zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Maharan ba mallakar ƙasa suka fi so ba, bayi da shanu da hatsi suke nema. Saboda haka ne sarakunan Kano suka ƙarfafa garuruwan ribaɗi a kan iyakokinsu, Babura na cikin waɗanda suka tsare arewa. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu da malamai da masu sana'a, suna noma suna kuma gadin hanya.

Gwanintar Ɗan Bindiga da Iyakarta

Wanda bai taɓa ganin ana ɗura bindigar gargajiya ba zai ɗauka cewa riƙe ta kaɗai ya isa. Alhali kuwa aiki ne mai matakai da yawa. Sai an auna albarushi an zuba ta baki, a danna, a sa harsashi ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, a gyara ƙanƙara, sa'an nan a ja kunama. Kafin ɗan bindiga ya gama wannan sau ɗaya, gwanin baka ya saki kibau da dama, kowace da dafin ƙwanƙwani a bakinta. In aka yi ruwa albarushi ya jiƙe, bindiga ta zama sanda. In aka cika mata ɗuri kuma tana iya fashewa ta tafi da hannun mai ita, domin galibin waɗanda ake kawowa Afirka masu araha ne da aka ƙera don ciniki. Wannan ya sa da yawa daga masu harbi kan miƙa ta nesa da jiki su kau da fuska, abin da ke sa harsashi ya tafi inda ya ga dama. A yaƙe-yaƙe da dama amfaninta bai wuce ƙara da hayaƙi masu firgita dawaki ba.

Bindiga takan yi tasiri ne in aka tara masu ita da yawa a ƙarƙashin shugaba guda, wasu na harbi wasu na ɗuri, 'yan baka da 'yan lifida na kare su. Irin wannan tsari yana bukatar horo na yau da gobe, horo kuwa yana cin albarushi, albarushi na bukatar farar wuta daga nesa, bindigar da ta lalace na bukatar maƙeri. Watau bayan kowane ɗan bindiga akwai falke da raƙumi da maƙeri da baitulmalin sarki. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, gwaninta ba ta da ranar da za ta yi. Ƙarfin Tanimu bai tsaya ga yawan bindigogi ba, ya haɗa da riƙe hanyar fatauci da iya ciyar da masu sana'a shekara da shekaru.

Akwai kuma dalilin siyasa. Sarakuna sun fi son bindiga ta zauna a hannun bayinsu, waɗanda ba su da ikon neman gadon sarauta, maimakon hakimai da 'ya'yan sarki. Su ma manyan barade sun daɗe suna raina ta, suna ganin jarumtaka a kan doki take, da mashi da takobi. A karkara wanda kan mallaki bindiga shi ne maharbi, shi ma ba kowane ba, domin yawancin maharba da baka suke aiki, shi ya sa ake kiran shugabansu Sarkin Baka. Manomin Kanya Babba ko na Roni a wancan zamani, abin da ke ratayen ɗakinsa bai wuce baka da kwari da gatari da gora ba.

Tanadin Talaka

To, in haka ne, me ya riƙe mutane har suka kai ƙarshen ƙarnin ba su watse ba? Amsa ta farko ita ce ganuwa. Kusan kowane gari mai suna yana da ganuwa ta ƙasa, ƙananan ƙauyuka kuma suna da kafi na itatuwa. A bayan ganuwa akan haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiya da sauran ƙayoyi su yi duhuwa yadda doki ba zai ratsa ba. Ƙofa kan zama 'yar ƙarama, da mai tsaronta, ana rufe ta da magariba. Ganuwa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Bayan kowace damina sarkin gari kan raba ta kashi-kashi, kowace unguwa da kowane ƙauye da ke fakewa a cikinta su zo su yi yaɓen nasu rabo. Ramin da aka ɗebi ƙasa shi ke zama kududdufi, ya tara ruwan da dabbobi za su sha in an rufe ƙofa. Ganuwar Kano ma, wadda ta fi mil 10 a kewaye, ta haɗa da gonaki da fadamu a cikinta, don kada yunwa ta buɗe ƙofar da abokan gaba suka kasa buɗewa. A Kazaure da Roni duwatsu sun ƙara wa mutane mafaka, domin mahayin doki ba ya son hawa dutse yana bin mai baka.

Na biyu shi ne labari. Makiyaya da maharba da fatake su ne idon gari. In aka hango ƙurar mahara, mahayi kan sheƙa ya kai labari, a buga ganga ko kuge, mutanen gona su kora dabbobi su shige gari. Garin da ya sami labari da wuri, ya rufe ƙofa, galibi mahara kan wuce shi, domin zaman kewaye gari yana cin lokaci da guzuri, su kuwa sauri suke yi.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne rumbu. Maigidan da ke shugabantar gandu yana da rumbun da ake ci yau da kullum, yana kuma da wanda ba a buɗewa sai da dalili mai ƙarfi. Gero da aka ajiye a damensa, ba a sussuke ba, yakan yi shekaru bai lalace ba, musamman a wannan yanki mai ƙarancin laima. Irin shuka kuma daban ake ware shi, cin iri kuwa alama ce ta cewa gida ya kai maƙura. Bayan rumbun gida akwai hatsin zakka da ake tarawa a hannun masu gari, wanda bisa ƙa'ida rabon mabukata ne, ko da yake ba kullum masu mulki ke tsare wannan amana ba. Akwai kuma rance da kyauta tsakanin dangi da surukai da aminai, da gayya wadda ke taimakon wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina.

Na huɗu shi ne sanin daji. Sunan Kanya Babba da kansa sunan itaciya ne mai 'ya'yan da ake ci. Kanya da magarya da aduwa da ɗinya da goriba da kuka, da ganyaye irin su tafasa da yaɗiya da rama, duk abinci ne da mata da yara suka san lokacinsa da inda yake. In abu ya yi tsanani akan tara ƙwayar ƙarangiya da burburwa, akan jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki har ɗacinsu ya fita, akan kuma tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Wannan ilmi shi ma gwaninta ce da ake koyo tun ƙuruciya, ya kuma ceci rayukan da bindiga ba ta taɓa ceta ba.

Shekarun Rushewa

Shekaru 15 da suka biyo bayan 1890 sun jarraba duk waɗannan tanade-tanade. Da farko annobar shanu ta ratsa ƙasar wajen 1890 da 1891, ta share garke-garke, har aka laƙaba mata suna Sannu saboda yawan jajen da ake yi wa Fulani. Cikin 1893 Rabe ya ci Barno da rundunar da ke da bindigogin zamani da horo irin na soja. A wannan shekara kuma Basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, ba ta lafa ba sai 1895. Aliyu Babba, wanda ya yi nasara, ya ba da muhimmanci ƙwarai ga 'yan bindiga, har aka san shi da laƙabin Mai Sango, sango kuwa wani irin mashi ne da maharban giwa ke sawa a bakin bindiga su harba. Duk da haka, sa'ad da Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa, garuruwan arewa ne suka fara shan wuya, domin ta kansu hanya ta bi.

A daidai wannan lokaci Turawa suna toshe hanyoyin makamai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara. Cikin 1897 Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori, hanyar kudu ta shiga hannunsa. Cikin 1899 Faransawa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin, aka kashe Ahmadu a wannan shekara. Igwa da bindigogin da Tanimu ya tara ba su jinkirta faɗuwar birninsa ba. Cikin 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da soja da ba su kai 1,000 ba, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ita bindiga mai ruwa, wadda Hausawa suka raɗa wa wannan suna saboda ruwan da ake zuba mata don ta huce, tana fitar da harsashi wajen 500 a minti guda. Kafin rana ta faɗi an ci birnin. Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. Kazaure a ƙarƙashin Muhammadu Mayaƙi ba ta yi yaƙi ba, Haɗeja kuwa da ta ƙi sai da aka ci ta da yaƙi cikin 1906.

Abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, cikin 1906 ya isa misali. Talakawa da gatura da fartanya da baka sun karya wata ƙungiyar sojan Ingila cikin Fabrairu, har suka kama bindiga mai ruwa guda. Amma makamin da babu wanda ya san aikinsa, babu mai gyara, babu inda za a samo harsashinsa, bai amfane su da kome ba. Cikin Maris aka dawo aka shafe garin.

Kakalaba

Bayan Turawa sun kafu, hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga cikin ganuwa suka bazu cikin daji suna saran sababbin gonaki. Ganuwoyi suka fara zubewa, bindiga ta koma ta farauta da ta hawan salla. Amma ranar tsanani ba ta daina zuwa ba, sai dai ta sake kama. Sannu a hankali Turawa suka haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗe suka mai da su haraji da ake biya da tsabar kuɗi, abin da ya sa manomi ya riƙa sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, mutane da yawa suka ba gyaɗa filin da gero ke ci. Sai daminar 1913 ta zo da fari mai tsanani.

Yunwar da ta biyo baya cikin 1914, wadda aka fi sani da Kakalaba, ta fi tsanani a arewacin lardin Kano da ƙasar Faransa da ke maƙwabtaka da shi. Jama'a suka riƙa kwararowa daga arewa suna bin hanyoyin da mahara suka saba bi, suna neman abin da za su sa a baka, da yawa suka mutu a kan hanya. Dubun dubatan mutane ne suka hallaka a lardin Kano. Taimakon da hukuma ta kawo ya zo a makare, bai kuma taka kara ya karya ba. Gidajen da suka tsira su ne masu tsohon hatsi a rumbu, da masu dabbar sayarwa, da masu dangi a kudu inda aka sami ruwa, da waɗanda matansu suka san abincin daji. Haka abin ya maimaitu, ko da yake bai kai wannan ba, a yunwar 1927 da ta farkon shekarun 1940, da kuma farin 1972 zuwa 1974, wanda ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Audu Bako ke gina madatsun ruwa a tsohuwar Jihar Kano.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, a tarihin wannan yanki bindiga ta yi amfani ne a inda take cikin tsari, da shugaba da horo da mai ba da lissafi. Wadda ke hannun mutum ɗaya ba ta hana a kama shi ba, dubban da ke hannun sarki kuma ba su hana ƙasa faɗuwa ba ranar da wanda ya fi shi makami da tsari ya zo. Na biyu, yawaitar bindiga a Damagaram bai kawo wa talakan ƙasashen biyu kwanciyar hankali ba, abin da ya ƙaru shi ne hari da kamun bayi. Na uku, tanadin da ya riƙe mutane na tarayya ne: ganuwar da kowa ya yaɓa rabonsa, da labarin da makiyayi ke kawo wa manomi, da rumbu, da zumunci.

Ba a nufin cewa mutumin da mahara suka kewaye ƙauyensa a yau ya naɗe hannu. Kare rai da iyali wajibi ne, kakanninsa ma ba su naɗe ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware irin bindigogin da farar hula zai iya riƙewa da lasisi da waɗanda aka haramta masa, cikin 2023 kuma gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa da ake ɗauka daga garuruwansu a ba su horo, tsarin da ya yi kama da na ribaɗi ta wasu fuskoki. Amma abin da ya faru a Zamfara, inda ɗaukar doka a hannu da wasu 'yan sa-kai suka yi ya haifar da ramuwar gayya tsakanin manoma da makiyaya, ya nuna abin da kan biyo baya in makami ya yawaita, amana ta yi ƙaranci. A da makiyayi yana cikin masu kawo wa gari labarin mahara. Duk garin da ya rasa wannan ido ya yi hasarar da bindiga ba za ta mayar masa ba.

Har yanzu 'yan bindiga na fita a hawan salla a Kazaure da Ringim da Kano, suna ɗuri suna harbi sama kamar yadda kakanninsu suka yi a gaban sarakuna. Yana da kyau masu nazari su tattara kalmominsu da kirarinsu da tarihin gidajensu tun masu sani na raye. Haka nan ya kamata a bi sawun tsofaffin ganuwoyi da kufai na Babura da Kanya Babba da Roni da Gwiwa a auna su a rubuta, a kuma tambayi tsofaffin mata sunayen abincin yunwa da yadda ake sarrafa kowanne, domin wannan sashe na tanadin magabata shi ne ya fi saurin ɓacewa.